Darasi na Bakwai: Yadda Ake Gane Sabuwar Bakteriya a Fatar Dabba

Fatar dabba ba ta rabuwa da bakteriya, ko da dabbar lafiyarta ƙalau. Yawancinsu ba sa cutarwa, amma wasu na kawo ciwo, kamar Dermatophilus congolensis mai haddasa kirci a shanu. Ido ba ya ganinsu, shi ya sa ake bin matakai kafin a gane su.

A fara da ɗaukar samfuri. A sa safar hannu, a jiƙa tsinke mai auduga da ruwan gishiri wanda aka kashe ƙwayoyin cikinsa, a murza a kan fatar. In akwai ɓawon ciwo, a ɗaga shi a goga ƙarƙashinsa, don saman ɓawon ƙura ce zalla. Kada audugar ta taɓa hannu, in ba haka ba bakteriyar mutum za a shuka. A rubuta irin dabbar, da wurin da aka goga, da kwanan wata.

Daga nan a ja layuka da samfurin a faranti mai aga (abinci mai kauri da ake shuka bakteriya a kai) da jinin tumaki kashi 5 cikin 100. A kife farantin a akwatin ɗumi, digiri 37, awa 24 zuwa 48. Kifewar ce ke hana raɓar murfi ɗiga ta cakuɗa komai. Ɗige-ɗige, wato tarin bakteriya, za su tsiro, wasu fari, wasu rawaya. A tsinci ɗigo ɗaya tak a sake shuka shi, har faranti ya fito iri guda. Wanda ya yi gaggawa a nan, duk sauran aikinsa ya tashi a banza.

Sai rini, ta hanyar da Hans Christian Gram na ƙasar Denmak ya fito da ita a 1884. A shafa ɗan kaɗan daga ɗigon a gilashi, ya bushe, a ɗan gitta shi a wuta. Rini mai launin shunayya minti 1, aidin minti 1, sifirit daƙiƙa 10 zuwa 20, jan rini minti 1, ana ɗaurayewa da ruwa tsakaninsu. A madubin likita, bakteriya masu kaurin bango, wato kwanson da ke kewaye da jikinsu, za su riƙe shunayya, masu siririn bango su koma ja. Sifirit ne wurin kuskure: in ya daɗe, sai ya wanke har masu kaurin bango, su fito ja, a yi musu mummunar fahimta. Tsohuwar shuka ma haka take yi, don haka a yi amfani da ta kwana ɗaya.

Kama da launi ba sa isa a ce bakteriya sabuwa ce. An daɗe ana ɗaukar wata da ke fatar karnuka a matsayin Staphylococcus intermedius, sai a 2005 aka bayyana Staphylococcus pseudintermedius a matsayin jinsi dabam. Ƙwayoyin gado ne ke raba gardama. Ana karanta sashen da ake kira 16S, a gwada da na sanannu. In kamarsu ta gaza kashi 98.7 cikin 100, ana kyautata zaton sabuwa ce. Sai a gwada ƙwayoyin gadon gaba ɗaya. Kamar da ta yi ƙasa da kashi 95 na nuna jinsi dabam.

Kafin suna ya karɓu, dole a ajiye samfurin da ransa a ma'ajiyar bakteriya biyu a ƙasashe biyu, don kowane mai bincike ya iya nema ya gwada da kansa. Sannan a ba ta suna mai kalma biyu da Latin, a wallafa cikakken bayaninta a mujallar duniya mai tantance sunayen bakteriya.