Yadda ake kafa ƙungiyar kai wa tsofaffi abinci har gida a ƙaramin gari

Sau biyu na ga matasa sun tashi da niyyar dafa abinci su riƙa kai wa tsofaffi da marasa lafiya a garinmu, sau biyun kuma abin bai kai wata huɗu ba. Ina cikin na biyun. Sai a karo na uku muka tsaya da ƙafafunmu. Ba zan koya wa kowa tuƙa tuwo ba, kowace unguwa akwai matan da suka fi ni iyawa. Wuraren da aka yi tuntuɓe zan nuna.

Aikin ya daɗe a duniya. A Ingila mata 'yan sa-kai ne suka fara shi a 1943, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, har da keken jarirai suke tura abinci zuwa gidajen waɗanda ba sa iya girki. Amurka ta ɗauka a Filadelfiya a 1954. Mu kuwa ciyayya gadonmu ce, ga kuma hadisin Abu Zarri a Sahihu Muslim, cewa in ka dafa romo ka ƙara masa ruwa ka tuna da maƙwabta. Sai dai yanzu 'ya'ya sun tafi Kano da Abuja da Legas neman na kansu, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, maƙwabcin da ke miƙa kwano ta katanga shi ma lissafin mudu yake yi.

Mataki na farko: kada ku fara da azumi

Ƙungiyar farko da azumi ta fara. Kuɗi ya yi ta shigowa, aka ɗauki gidaje masu yawa, ana sallah masu bayarwa suka janye. Tsofaffin da aka saba wa kwano suka yi ta zaman jira a zaure. Wannan ya fi ciwo a kan a ce ba a fara ba. Ku fara da kaka, lokacin da masara da gero da wake suka faɗi a kasuwa, manoma kuma hannunsu a sake yake. Wanda ba zai ba ku naira ba zai ba ku tiya biyu. Wake ku zuba shi a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ku ɗaure kowace leda daban, ba sai kun sa maganin ƙwari ba. Buhun ya fi na gama-gari tsada, amma in ba a huda shi ba zai yi muku shekara fiye da ɗaya. Lissafinku ya kai har Yuli da Agusta, lokacin da rumbu ke ƙarewa sabo bai iso ba.

Gida goma sha biyar, sau biyu a mako. Kada ku wuce haka a wata shida na farko, ko da wani Alhaji ya yi alkawarin buhu goma.

Mataki na biyu: sunaye

Kada ku yi shela a masallaci ko a WhatsApp cewa mai buƙata ya zo ya rubuta suna. Masu ƙafa da baki ne za su zo. Wadda kuke nema tana ɗaki, gwiwa ta hana ta fita, kunya ta hana ta aike. Irinsu ne aya ta 273 a Suratul Baƙara ta siffanta, waɗanda wanda bai sani ba zai zaci mawadata ne saboda kamun kai. Ku je wa mai unguwa da liman don izini, amma sunaye ku nema wajen ungozoma, da mai garuwa, da mai sayar da koko da safe. Su ne suka san gidan da aka kwana biyu hayaƙi bai tashi ba. Takardar sunayen ta tsaya a hannun mutum biyu kawai.

Mataki na uku: girki

Tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, fate, alale, kunun gyaɗa. Shinkafa ta dahu luguf. Yawancinsu haƙora sun zube, don haka nama a daka shi ko a sa kifi a cire ƙaya tsaf. A rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano saboda masu hawan jini, daddawa ta isa. A tambayi mai ciwon suga tun ranar farko, kununsa a ware kafin a sa sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a ajiye a fili, mai zafi kuma a riƙe shi sama da digiri 60. A zafin Afrilu ni awa ɗaya nake ba shi. Ku sayi kula, ban da leda. Leda ta fi araha a yau, amma za ku ga dalilina a ƙasa.

Mataki na huɗu: ƙofar gida

Nan muka faɗi. Mun yi girki mai kyau, muka ƙulla a leda, muka ba samari biyu masu babur, muka ce su gama zagaye cikin rabin awa kada abinci ya huce. Namiji baligi ba ya shiga cikin gida, sai su tsaya a waje su danna ham, su ba yaro ya miƙa. Wata rana yaron ya shiga yana ƙwala murya: “Inna, ga abincin sadaka an kawo!” Matan maƙwabta duk suna tsakar gida suna surfe. Ba a jima ba ledar ta dawo yadda aka ƙulla ta. Tsohuwar ta ce a gode mana, ta ci abinci. Daga baya muka ji rabonta da wani abu ban da koko tun jiya. Tsohuwar nan a ƙuruciyarta gidanta ake kai almajirai su ci su ƙoshi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A cikin makon gida huɗu suka bi sahunta, bayan wani daga cikinmu ya ɗauki hoton wani dattijo riƙe da leda ya sa a Facebook.

Ga yadda muke yi yanzu, kuma ba na yarda a sauya ko ɗaya. Mace ke kai wa mace, namiji ya kai wa namiji. Mutum ɗaya gida uku, gidajen nan ukun kullum, ba a musanya. A ƙafa ake zuwa, kula a cikin jaka ko ƙarƙashin hijabi, kamar mai zuwa gaisuwa. Babu riga mai tambari, babu hoto, kalmar sadaka kuma ba ta fita daga bakin kowa. A yi sallama, a durƙusa: “Inna, ina wuni? Ya ƙarfin jiki? Tuwo muka yi na ce bari in kawo miki ki taɓa.”

Sannan a zauna, ko minti goma ne. Da yawansu sallamarki ita ce ta farko da suka amsa tun safe. Ki bar ta ta ba ki labarin auren fari ko na yunwar 1973, ko da kin ji shi sau biyar. Idonki kuma yana aiki: akwai ruwa a randa? Maganin da aka rubuta mata ya ƙare? Ƙafa ta kumbura? Abincin shekaranjiya yana nan ba a taɓa ba? Wanda ya daina cin abinci sau da yawa rashin abokin ci ne ya hana shi, don haka in ta ce “ɗiyata, sa hannu”, ki wanke hannu ki yi loma biyu.

Kular nan a bar ta a gidan, a karɓa a zuwa na gaba. Ita ce hujjar komawa. Za ki tarar an wanke ta, wani lokaci da ɗan garin kuka ko goro ɗaya a ciki. Tukuici ne. Ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya. Wata sabuwar 'yar sa-kai ta taɓa cewa “a'a Inna, ki bar shi, ke ce mai buƙata”, sai da muka yi mako uku muna ban-baki kafin a sake buɗe mana ƙofa.

Sauran abubuwa

Ku samu littafi ɗaya: abin da ya shigo, abin da ya fita, a karanta wa kowa ƙarshen wata. Mai riƙe kuɗi daban, mai cefane daban. Kowane gida ku karɓi lambar wani ɗan'uwa, ku kuma san ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na garin. In an yi sallama sau uku shiru, a kira maƙwabta a shiga, kada a ajiye kula a juya. Masu girki su riƙa karɓa-karɓa, in ba haka ba mace ɗaya za ta gaji ta daina ɗaga waya. Itace ya fi cin kuɗi fiye da yadda kuke zato, ku tanade shi tun rani. Ɗan siyasa in ya kawo buhu ku karɓa, in ya ce da hoto ko a buga sunansa a kula, ku mayar masa.