Matakan zaɓen fannin injiniyanci ga mai son zama hafsan soja

Matasan Zango a Kumasi sun yawaita tambaya a kan wannan batu, don haka ga matakan bi da bi.

1. Ka fara tsayar da rundunar da kake so: ta ƙasa, ta ruwa ko ta sama.

2. Ka duba makinka na WASSCE, wato jarrabawar kammala sakandare, a lissafi da darussan kimiyya, domin da su jami'a irin KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, take tantance ɗaliban injiniyanci.

3. Ka daidaita fannin da aikin rundunar. Injiniyancin gine-gine ya dace da sojan ƙasa masu shimfiɗa hanya da kafa gada, na injuna da na lantarki kuwa sun fi amfani a jiragen ruwa da na sama.

4. Idan ka samu tallafin karatu, ka karanta sharuɗɗansa kafin ka sa hannu. Hattara: tallafin ROTC na Amurka, wato shirin horar da ɗaliban jami'a su zama hafsoshi, na 'yan ƙasarta ne kaɗai, kuma wanda ya karɓa sai ya yi wa sojanta aiki na wasu shekaru. A Ghana, horon hafsoshi a Teshie da ke Accra ake yin sa.

5. Ka tambaya ko sauya fanni daga baya yana soke tallafin, domin a nan da yawa suke tuntuɓe.

6. Ka cike takardar nema da kanka, kada ka ba dillali ko sisi.