Kafin yaro ya latsa: yadda nake tantance shafin intanet

Ina da ɗan shagon kwamfuta a Tudun Wada, nan Kaduna, kuma yawancin masu shigo mini 'yan sakandare ne, daga masu duba sakamako sai masu aikin gida. Kwanakin baya wata yarinya 'yar aji uku ta zo da wayar mahaifiyarta, ta ce, "Baba, don Allah ka cike mini wannan, tallafin karatu ne." A zauren WhatsApp na matan unguwa aka turo. Shafin ya sha ado, ga kore da fari, ga mikiya da dawakai biyu. Na ce, "'Yata, jawo kujera mu karanta adireshin tukuna."

Daga nan nake farawa kullum. Tambari kowa na iya kwafowa ya manna, amma adireshi sai an yi rajistarsa. Yadda ake karanta shi: ka tsallake https://, ka nemi karkataccen layi na farko, wato /, sai ka duba abin da ke gabaninsa. Wannan wutsiyar ce ainihin mai shafin. Yawancin hukumomin gwamnati suna ƙarewa da .gov.ng, kamar jamb.gov.ng da neco.gov.ng. Manyan makarantu kuma .edu.ng, kamar abu.edu.ng ta Zariya da kasu.edu.ng ta nan gida. 'Yan damfara sun san mutane farkon adireshi kawai suke kallo, shi ya sa za su rubuta sunan hukuma da gov.ng a gaba, sannan su lanƙwaya wata wutsiya irin .xyz ko .site a ƙarshe. Na yarinyar nan haka yake. WAEC ce kan rikita mutane, domin ita ta ƙasashe biyar ce, ba ta Najeriya kaɗai ba, kuma a waecdirect.org ake duba sakamakonta.

Akwai masu cewa in ka ga alamar kwaɗo a sama, shi ke nan. A'a. Kwaɗon yana nufin ba mai leƙa abin da kake aikawa a hanya, bai ce wanda ke karɓa mutumin kirki ba ne. Ɓarawo ma yana samun kwaɗon, kyauta ma kuwa. Saboda wannan ruɗanin ne Chrome ta sauya alamar a 2023.

Sai ka duba abin da shafin ke roƙo. Namu ya nemi NIN, ya nemi BVN na uwa, ya ce za a turo wata lamba ta waya a shigar, sannan a tura saƙon zuwa zauruka biyar kafin "kuɗi su sauka". Lambar da banki ke turowa ba a ba kowa, ko ma'aikacin bankin ne. Shafin da ke ƙirga maka mintoci yana cewa saura kaɗan a rufe, so yake kada ka tsaya tunani. Masu alƙawarin amsar jarrabawa kafin a shiga aji kuwa, ba sai na ɓata baki ba.

Na aikin gida ya fi wuyar sha'ani, don ba kuɗi ake sacewa ba, ilimin banza ake ɗura wa yaro. Ina sa su nemo abu uku: wa ya rubuta, yaushe, kuma ya yi daidai da littafin aji? Wani yaro ya taɓa kwafo cewa jihohin Najeriya 30 ne, alhali tun 1996 suka zama 36. Wikipedia ba na hana ta, har da ta Hausa, amma ina gaya musu kowa na iya gyara ta, su nemi wuri na biyu da ya faɗi haka.

Abin da iyaye suka fi mantawa shi ne talla. Darasi na iya zama mai kyau, gefensa kuma tallar caca da hotunan da ba za ka so ɗanka ya gani ba, ga maɓallan "Download" har uku, biyu na bogi. Ni na kan buɗe shafin da kaina, in gangara har ƙasa, in latsa wuri biyu ko uku kafin in miƙa wa yaro. In ya cilla ni wani waje ban nema ba, na rufe ke nan. A waya kuma a kunna SafeSearch cikin Google, wato matatar da ke ɓoye abubuwan batsa a sakamakon bincike, a saka Family Link, manhajar da iyaye ke sa ido kan wayar yaro da ita, in yaron bai kai shekara 13 ba. Suna tarewa, amma ba duka ba.

Da yamma mahaifiyar yarinyar ta biyo ta shagon. Na ce, "Hajiya, kin riga kin tura wa wasu?" Ta ce zaure biyu kawai. Nan tsaye ta goge, ta bi su da saƙon murya cewa kada kowa ya cike.