Darasi na 9: Abincin da ke Kare Ƙwaƙwalwa daga Shanyewar Ɓarin Jiki

Ɓarin jiki yana shanyewa ne idan jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe. Babban mai jawo haka shi ne hawan jini, wato awon da ke tsayawa a 140/90 ko sama.

Akwai sinadarai a cikin abincinmu da ke sassauta wa jijiyoyi, amma aikinsu na rigakafi ne, kuma sai an dawwama a kansu. Fotasiyam yana sa ƙoda ta fitar da gishiri ta fitsari. Yana cikin wake, dankali, ayaba da alayyahu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa kullum. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara fotasiyam sai da izinin likita, domin idan ya taru a jini yana rikita bugun zuciya.

Zoɓo ya cancanci kulawa. Jan launinsa sinadarin antosayanin ne, kuma gwaji a kan mutane ya nuna yana ɗan sauke hawan jini. A wanke tafin hannu ɗaya na busasshen zoɓo, a tafasa a lita ɗaya ta ruwa minti 10, a tace, a sha kofi ɗaya safe da yamma. Inda ake ɓata shi wajen sukari ne: na gora mai zaƙi cau ba shi muke nufi ba. Mai shan maganin hawan jini kada ya ajiye shi saboda zoɓo.

Kifi mai maiƙo kamar titus, sau biyu a mako, yana ba da omega-3, wani nau'in mai da jiki ke buƙata. Kurkum kuwa, yawancin binciken kare ƙwaƙwalwa da shi a kan ɓeraye aka yi.

Duk da wannan, kada gishiri ya wuce giram 5 a rana, ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. A lissafa da dunƙulen miya, har da kanwa, domin ita ma tana ɗauke da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri.

Idan baki ya karkace, hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, kada a ɗura wa mutum komai, ko ruwa. Haɗiyarsa na iya lalacewa, abin ya zarce huhu. Kada a ba shi asfirin, domin idan jijiya ce ta fashe, zubar jinin zai ƙaru. A riƙe lokacin da abin ya fara, a garzaya babban asibiti kamar Barau Dikko da ke Kaduna. Inda ake da allurar narkar da gudan jini, cikin awa 4 da rabi ake yin ta.