Kurakuran da ke ƙona injin mota a rairayi

Duk ƙarshen mako samarinmu na Makka da Jidda kan ɗebi shas (wato Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya) da Patrol da Hilux su nufi tuddan rairayin Bahra, na Riyad kuma su yi Sumama. Ranar Lahadi sai ka tarar da wasunsu a warsha, wato garejin bakanike, an ɗaga bonet, ana cewa mota ce ba ta da ƙwari. Mota lafiyarta ƙalau. Kurakuran nan dai su ne ake ta maimaitawa, ni kuwa bakina ya gaji da faɗa wa mutum ɗaya-ɗaya.

Babban cikinsu shi ne dogaro da allurar zafi da ke gaban direba. Allurar nan zafin ruwa take aunawa, babu ruwanta da baƙin mai. Kuma a motoci da yawa an tsara ta ne ta zauna daram a tsakiya ko da zafin yana hawa yana sauka, sai abu ya yi nisa take motsawa. A kan kwalta ba ka da damuwa, iska na bugun gaban mota. A rairayi kuwa injin na ihu a juyi 3,500 ko 4,000 a minti, mota na tafiyar kilomita 20 ko 30 a awa, aiki ya yi yawa iska ta yi kaɗan. Idan ma iskar daga bayanka take kaɗawa, to kusan babu abin da ke shiga lagireto sai wanda fanka ta jawo. Baƙin mai shi ke kwashe zafin fistin da ƙarafan da ke gogayya a can ƙasan injin, yana iya haurawa sosai alhali ruwa bai nuna komai ba.

Ga yadda nake lissafina. Daga digiri 90 zuwa 110 mai yana cikin jin daɗinsa. Ya kai 120, na sassauta ƙafa. Ya doshi 130, na nemi wuri mai ƙarfi na tsaya, ko da abokan tafiya za su yi mini dariya. Man sintetik yana jure abin da ya fi haka, na sani, amma ban ga dalilin gwada haƙurinsa ba. Masana mai suna da ƙa'ida: duk ƙarin digiri 10 yana kusan ninka saurin lalacewar mai. Kuma yana yin zafi yana tsinkewa, har ya kasa raba ƙarfe da ƙarfe. Wannan ce ta ci mini injin Patrol sukutum. Ina ta kai wa wani tudu hari, in hau in zamo in sake, allura na tsakiya, sai da na tsaya na ga fitilar mai tana ƙyaftawa. Kafin mu fito kwalta injin ya fara ƙwanƙwasa. Kuɗin da na biya ya isa sayen agogon auna zafin mai ga duk wanda muka fita da shi ranar. Ka sa agogon nan. In motarka na bayar da zafin mai ta kwamfutarta, ƙaramar na'urar OBD, wadda ake jona wa mota ta karanto bayanan kwamfutar, da wayarka sun wadatar.

Na biyu shi ne wanda ke ɓata mini rai ƙwarai: cire tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke tsare ruwa a cikin injin har sai ya yi ɗumi kafin ya sake shi zuwa lagireto. Mota ta ɗan ɗau zafi, sai bakanike ya zare shi ya jefar, wai ai nan ba Turai ba ce, ba ma buƙatarsa. Haba malam! Kai ka fi waɗanda suka ƙera injin sani? Tamostat yana buɗewa ne wajen digiri 82 zuwa 88, gwargwadon mota, kuma a injina da yawa idan ya buɗe shi ke toshe ƙaramar hanyar da ruwa ke zagayawa cikin injin. Ka cire shi, wani ruwan ya riƙa kewayawa bai bi ta lagireto ba, daidai lokacin da kake neman sanyi. Sannan da asubahin hunturu, lokacin da muka fi fita kashta, wato shaƙatawa a sahara, injin ba zai yi ɗumi da wuri ba, danshi da fetur ɗin da suka tsiyaya cikin mai ba za su ƙone ba, mai ya zama kunu. Ciwon da ya sa motar ɗaukar zafi kuwa yana nan inda yake: ko lagireto ya toshe, ko kulocin fanka ya saki, ko murfin lagireto ya daina riƙe matsi. Murfin nan ɗan ƙarami da ruwan sanyaya injin da aka gauraya rabi da rabi su ke sa ruwa ya wuce digiri 120 bai tafasa ba. Kai kuma kana ɗura masa ruwan famfo, yana barin farar ƙasa a cikin bututu. Wa ka cuta?

Masu mota otomatik, ku ma ku saurara. Ku shiga rairayi da taya cike da iskar kwalta, giya a D, kuna take totur. Taya na haƙa rami, giyabos na santsi, mansa na dahuwa, kuma a yawancin motoci lagireto ɗaya ke sanyaya shi da ruwan injin, don haka zafin can yana dawowa nan. Ni nakan sauke iskar taya zuwa PSI 15 ko 16, in rairayin ya yi laushi in shiga 4L, wato ƙaramar giyar ƙafa huɗu mai ƙarfi, tun kafin mota ta fara nishi. Fitilar zafin man giya ta kama, ka tsaya, ka sa P, ka bar injin yana aiki.

Haka ma idan injin ne ya yi zafi: kada ka kashe nan take, musamman mai turbo. Juya gaban mota ya fuskanci iska, kashe esi, kunna hita, bar shi a silo ya huce. Amma in ka ga tururi, ko ruwa na zuba, ko fitilar mai ta kama, ka murɗe makulli ka kashe shi nan take, ba shawara. Murfin lagireto kuma kada hannunka ya je wurin sai injin ya yi sanyi, kada kuma ka sheƙa wa injin mai zafi ruwan sanyi.

Sauran ƙanana ne. Zuba mai mai kauri irin 20W-50 a injin zamani don wai ƙasar da zafi, ka duba littafin motarka tukuna. Jera manyan fitilu a gaban lagireto, ka toshe wa mota hanci. Fita ba ka zaro sandar auna mai ba, alhali a kan tudu mai yana gangarewa gefe, famfo ya zuƙi iska. Ni bayan kowace fita nakan kakkaɓe filtar iska in hure lagireto daga baya zuwa gaba, mai kuma ba na barinsa ya wuce kilomita 5,000. Wanda zai ƙara na'urar sanyaya mai, ya nemi mai tamostat a jikinta, ya kuma bi da tiyonta inda dutse ba zai same su ba.