Manhajojin Duba Bakod na Abinci da Kayan Shafa: Wacce Za Ka Sauke, Kuma Yaya Za Ka Karanta Sakamakonta

Layukan nan baƙaƙe da ke bayan gwangwanin madara ko robar man shafawa, waɗanda ake kira bakod, ba su ɗauke da sunan sinadari ko ɗaya. Lamba ce kawai, yawanci alƙaluma 13, a kayan Amurka 12, a ƙananan kaya irin su cingam 8. Idan ka ɗora mata kyamarar waya, manhaja tana ɗaukar lambar ta je rumbun bayananta ta nemo abin da wani ya taɓa rubutawa a kan wannan kaya, sai ta nuna maka. Ba ta gwada abin da ke cikin robar ba, ba ta san ranar da zai lalace ba, ba ta kuma san ko na jabu ne ba. Wanda ya riƙe wannan zai ci moriyar manhajojin sosai, domin daga nan ne duk bambancinsu ya taso: girman rumbun kowacce, da yadda take ba da maki.

Na abinci: Yuka da Open Food Facts

Yuka ta fito daga Faransa a 2017, kuma ita ce mafi sauƙin karantawa. Tana ba abinci maki daga 0 zuwa 100 tare da launi: 75 zuwa sama mai kyau sosai, 50 zuwa 74 mai kyau, 25 zuwa 49 mai rauni, ƙasa da 25 maras kyau. Kashi 60 na makin daga ingancin abincin ne, wato sukari, gishiri, kitse da furotin. Kashi 30 daga sinadaran da aka ƙara ne, irin na launi da na hana lalacewa. Kashi 10 na abincin da ke da shaidar an noma shi ba takin zamani ba feshi. Akwai kuma wata ƙa'ida da ke rikita mutane: idan akwai sinadari guda da Yuka ta ɗauka mai haɗari sosai, makin ba zai wuce 49 ba, komai kyan sauran. Rauninta a wajenmu shi ne an gina rumbunta a kan kasuwannin Turai, Amurka, Kanada da Ostareliya. Biskit ɗin da aka shigo da shi daga Ingila za ta gane shi nan take, wanda aka yi a Legas ko Kano kuwa sau da yawa sai ta ce ba ta san shi ba. Yin aiki ba tare da data ba da neman kaya da suna suna cikin tsarin da ake biyan kuɗi.

Open Food Facts ta girme ta. Stéphane Gigandet ne ya kafa ta a 2012, ƙungiya ce da ba ta neman riba, ba talla, kuma kowa na iya ƙara kaya a cikinta. Rumbunta ya haura kaya miliyan 3 daga ƙasashe da dama. Ba ta ba da maki ɗaya dunƙulalle. Tana nuna ma'auni biyu da ya kamata ka karanta daban-daban. Na farko Nutri-Score, haruffa A (mafi kyau) zuwa E (mafi muni), wanda Faransa ta amince da shi a 2017, yana auna giram 100 ko mililita 100 na kayan. Na biyu NOVA, wanda masu bincike na Jami'ar Sao Paulo a Brazil suka tsara, rukuni 1 zuwa 4, yana nuna yawan sarrafawar da abincin ya sha a masana'anta. Lemon kwalba maras sukari zai iya samun harafi mai ɗan dama amma ya faɗa rukuni na 4, na abincin da aka fi sarrafawa. Ba saɓani ba ne, tambayoyi biyu ne daban ake amsawa.

Ga mai sayayya a Najeriya, Nijar, Ghana ko Kamaru, Open Food Facts ce muka fi ba shawara a fara da ita, saboda tana ba ka damar ganin ainihin hoton takardar kayan da ranar da aka ɗora shi, kuma idan kayan babu, kai da kanka za ka saka. Hoto uku take buƙata: gaban kayan, jerin kayan haɗi, da teburin sinadaran gina jiki. Ka shimfiɗa ledar, ka ɗauka a hasken rana ba da fitilar waya ba, domin fitila kan leda mai sheƙi tana goge rubutu. Minti biyu ya isa, kuma duk wanda ya duba kayan bayanka zai amfana.

Inda maki ke yaudarar mutum

Tunda ma'aunin giram 100 ne, ɗunƙulen magi kullum zai fito ja saboda gishiri, alhali ƙaramin ɗunƙule kusan giram 4 ne, kuma tukunyar gida guda ake sa wa. Man gyaɗa da manja ma ba sa samun maki mai yawa saboda kitse ne tsantsa. Wannan ba ya nufin a daina girki da su. Makin yana da amfani ne idan ka kwatanta abu biyu masu iri ɗaya: wannan taliyar yara da waccan, wannan tumatirin gwangwani da wancan. Kwatanta mai da madara ɓata lokaci ne.

Lissafi biyu za su fi maka amfani fiye da launin da manhaja ta nuna. Idan an rubuta Sodium, ka ninka shi sau 2.5 ka samu gishiri: miligiram 1,200 na sodiyam gishiri ne giram 3. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, don haka leda ɗaya mai wannan adadi ta cinye fiye da rabin rabonka. Mai hawan jini ya kula da wannan da kyau. Sukari kuma, ƙaramin cokalin shayi kusan giram 4 ne. Lemon da ke da giram 10 a kowane mililita 100, kwalbar 50cl tana da giram 50, cokali 12 da ɗoriya ke nan a zama ɗaya.

Akwai kuma abin da manhajojin ba sa lissafawa sam. Alamar ido da ke jikin sukari, man girki da fulawa a Najeriya tana nuna an ƙara sinadarin bitamin A kamar yadda doka ta tanada. Wannan da idonka za ka nema.

Batun halal

Yuka da Open Food Facts ba su yanke hukuncin halal ko haram. Akwai manhajoji na musamman kamar Scan Halal da Mustakshif, waɗanda ke kasa kaya gida uku: halal, haram, da mai shubuha. Gida na uku ne ya fi cika, kuma da dalili. Sinadarin da ake rubutawa da lambar E471, wanda ke cikin biskit da burodin leda da yawa, ana iya yin sa da man tsiro ko da kitsen dabba, lambar kuma ba ta bambance ba. Haka E422, wato gilisarin. Gelatin da ke cikin alawa mai tauna-tauna yana iya zama na shanu, na kifi ko na alade. E120 jan launi ne da ake samu daga wani ƙwaro, malamai kuma sun saɓa a kansa. Manhaja za ta ja hankalinka zuwa ga waɗannan, amma abin da zai warware shi ne tambarin hukumar halal a jikin kayan, ko a ce an rubuta cewa daga tsiro aka samo sinadarin. Ka kuma lura cewa kamfani ɗaya yana iya yin alawa iri ɗaya a Turkiyya da gelatin na shanu, a Jamus da na alade. Ka duba ƙasar da aka yi wadda ke hannunka.

Na kayan shafa, da tarkon juyin lamba

Nan ne ake yawan yin kuskure mafi sauƙin kaucewa. A Yuka, maki mai yawa shi ne mai kyau. Haka a INCI Beauty, ita ma ta Faransa, wadda ke auna kaya a kan 20. Amma a Think Dirty ta Kanada, ma'aunin 0 zuwa 10 ne, kuma 8 zuwa 10 shi ne mafi muni. EWG Healthy Living ta Amurka ma haka take: 1 da 2 haɗari kaɗan, 3 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa 10 mai yawa. Wadda ta ga 9 a Think Dirty ta ɗauka man ya yi kyau ta karanta a juye.

A kayan shafa Yuka tana bin sinadari mafi muni a jerin. Sinadari guda ɗaya da ta yi wa alamar ja ya isa ya sauke makin ƙasa da 25, guda ɗaya mai alamar launin ruwan lemo kuma ya hana shi kaiwa 50. Ba ta san yawan sinadarin ba, domin kamfanoni ba sa rubuta kaso. Kai za ka iya ƙiyastawa. A tsarin rubuta sunayen da ake bi a yawancin ƙasashe, ana jero sinadarai daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci har a kai kashi 1 cikin 100, daga nan a jero sauran yadda aka ga dama. Shi ya sa Aqua, wato ruwa, ke zuwa farko. Idan an zana man kaɗe ɓaro-ɓaro a gaban roba, amma Butyrospermum Parkii, wato sunan man kaɗen a jerin, ya zo na 18 bayan turare, to ɗan ɗigo aka sa. Ka kuma bambance abin da ake wankewa da abin da ke kwana a jiki. Methylisothiazolinone, alal misali, Tarayyar Turai ta hana sa shi a man da ke zama a fata tun 2017 saboda ƙaiƙayi da borin fata, amma ta bar ɗan kaɗan a sabulun ruwa da shamfu.

Don kayan shafa INCI Beauty ta fi yin bayanin aikin kowane sinadari dalla-dalla, EWG da Think Dirty sun fi ƙarfi a kayan Amurka da Kanada, Open Beauty Facts kuma ƙanwar Open Food Facts ce, rumbunta ƙarami ne amma kana iya ƙara kaya.

Man bilicin: abin da manhaja ba za ta gani ba

Wannan shi ne ya fi damunmu. Sunayen da za a guje wa sanannu ne: Hydroquinone, wanda Turai ta hana a man gyaran fata tun 2001, sai Clobetasol da Betamethasone, magunguna ne masu ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, sai makuri (mercury), wanda ke zuwa da sunaye kamar Calomel, Mercurous Chloride ko Mercuric Iodide. Makuri yana illa ga ƙoda da jijiyoyi, yana kuma kaiwa ga jariri a ciki da kuma ta nono. Su kuma magungunan nan biyu suna sirantar da fata har jijiyoyi su fito, su bar nankarwa mai faɗi da ba ta gogewa. Matsalar ita ce mai zuba waɗannan a mai ba ya rubutawa. Zai rubuta karas, gwanda da bitamin C, manhaja ta karanta abin da ya rubuta ta ba shi kore. Man haɗi da ake zubawa a robar da ba ta da suna, da kwalli na gargajiya wanda sau da yawa yana da dalma, da baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi mai sinadarin PPD, duk ba su da bakod balle a duba. Man da ya yi alkawarin haske cikin kwana 7, kada koren maki ya kwantar miki da hankali a kansa.

Yadda za ka duba kaya a shago

Goge idon kyamara, ka riƙe waya nesa da kayan kamar tsawon tafin hannu, santimita 10 zuwa 15. Matsowa sosai yana sa hoton ya dushe. Leda mai tattara a miƙe ta da yatsu biyu. Kwalbar da ta fito daga firiji a share raɓar. Idan duk ya ƙi, Open Food Facts tana karɓar alƙaluman da ke ƙasan layukan idan ka rubuta su a wurin nema.

Da sakamako ya fito, ka gwada suna, nauyi da sinadarai biyar na farko da abin da ke hannunka. Idan sun saɓa, takardar da ke hannunka ita ce abin bi, domin kamfanoni suna sauya haɗi su bar lamba yadda take. Alƙaluma ukun farko suna nuna ƙasar da kamfanin ya yi rajistar lambarsa, ba lallai inda aka yi kayan ba: 615 Najeriya, 603 Ghana, 690 zuwa 699 Sin, 890 Indiya, 300 zuwa 379 Faransa. Lambar da ta fara da 2 yawanci ta cikin kanti ce, wadda suke liƙa wa nama ko shinkafar da suka auna, babu manhajar da za ta san ta. Idan kana zargin an saci lamba, shafin Verified by GS1, na ƙungiyar da ke raba lambobin bakod, yana nuna kamfanin da ya mallake ta. Ka ga man shafawa amma lambar ta wani kamfanin da ba shi ne aka rubuta a jiki ba, ka ajiye. Sai dai masu jabu da suka iya aiki suna kwafe lambar asali daidai, don haka dacewar lamba ba shaidar inganci ba ce.

Daga nan sai abubuwan da ido kaɗai ke dubawa: lambar rajistar NAFDAC (hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya), lambar zubi, ranar yi da ranar ƙarewa, ka kuma shafa wurin da yatsa ka ji ko an kankare an sake bugawa. A kayan shafa ka nemi hoton ƙaramin gwangwani buɗaɗɗe mai 6M ko 12M, wato watannin da zai yi bayan an buɗe shi. A zafin watan Afirilu, man da ya daɗe a tagar shago rana na dukansa yana iya rabuwa ko ya canja wari tun kafin wannan wa'adin ya cika.

Kafin ka bar kowace manhaja a wayarka, ka ɗebo kaya goma da gidanku ke saye kullum, na gida da na waje, ka duba su ɗaya bayan ɗaya. Wadda ta gane ƙasa da rabi ka goge ta, ka kuma duba izinin da ta nema lokacin saukewa: kyamara kawai aikin yake buƙata, ba lambobin wayarka ko saƙonninka ba.