Yadda Ake Bin Maganin Daidaita Garkuwar Jiki Don Hana Kumburin Ido Dawowa

Akwai kumburin da ke kama shimfiɗar tsakiya ta ƙwayar ido, wanda likitoci ke kira uveitis. Ido ya yi jajir, ya riƙa zugi, haske ya gagari mutum kallo, wani lokaci kuma a riƙa ganin ɗigo-ɗigo baƙaƙe suna yawo kamar ƙudaje. A wurin mutane da dama ba ƙwayar cuta ce ke kawo shi ba, garkuwar jikinsu ce ta juya tana yaƙar idon, kamar yadda ake gani a cutar Behçet, mai kumbura jijiyoyin jini, da amosanin gaɓɓai na yara. Maganin sitiroyid irin su prednisolone yana kashe wutar nan da nan, amma idan aka daɗe a kansa yakan jawo yanar ido, da hawan jinin ido, da ciwon sukari, da raunin ƙashi. Shi ya sa likita ke komawa ga magungunan da ke lafar da garkuwar jiki.

Kafin a haɗiye ƙwaya ko ɗaya, sai an tabbatar cewa ba tarin fuka ko tunjere ne ya ɓuya a bayan kumburin ba, domin danne garkuwa alhali cuta tana kwance tamkar buɗe wa ɓarawo ƙofa ne. Za a kuma gwada jini, da hanta, da ƙoda, da ciwon hanta nau'in B da C. Mace mai juna biyu, ko mai niyyar ɗaukar ciki, ta faɗa tun a zaman farko, saboda methotrexate da mycophenolate, biyu daga cikin waɗannan magunguna, suna illata ɗan tayi.

Sai a kiyaye ƙa'idar sha. Methotrexate sau ɗaya tak ake shan sa a mako, tare da bitamin folik asid a ranar da likita ya tsara, kuma shan sa kullum bisa kuskure ya sha kashe mutane, don haka a rubuta ranar a jikin kwalin da manyan baƙaƙe. Adalimumab, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don wannan ciwo a 2016, allura ce ta ƙarƙashin fata duk mako biyu, ana ajiye ta a firji ba tare da ta daskare ba.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin haƙuri. Ƙwayoyin maganin sukan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin aikinsu ya kankama, saboda haka ake ci gaba da sitiroyid ana rage shi sannu a hankali, ba a yanke shi rana ɗaya. Kuma washewar ido ba ita ce warkewa ba, domin likita kan leƙa da na'urarsa mai siririn haske ya tarar da ƙwayoyin kumburi suna shawagi a idon da mai shi ke rantsuwa ya warke, musamman a yara, waɗanda nasu kan ci ido shiru ba ja ba zafi. Galibi sai ido ya yi kimanin shekara biyu lafiya lau kafin a fara maganar janye magani.

A tsawon wannan lokaci kada a tsallake gwajin jini, a bar giya, kuma kada a karɓi rigakafi mai rayayyar ƙwayar cuta, irin na shawara ko ƙyanda, sai da izinin likita. Zazzaɓi, tari mai naci, gyambon baki ko dishewar gani, kowannensu dalili ne na zuwa asibiti a ranar, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba.